Kebul ɗin kirosoba: har yanzu ana buƙatarsa ko ya zama tarihi?

Sadiq_Kwamfuta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya. Akwai tsohuwar desktof a wajena cike da fayil wajen 200GB, hotuna ne da bidiyo na aiki, ina so in kwashe su zuwa sabuwar laftof ɗina kai tsaye da kebul, babu suwic babu rauta a tsakani, wato na'urorin da ake haɗa kwamfutoci ta cikinsu. Wani ya ce min dole sai kebul ɗin kirosoba, wani kuma ya ce wannan maganar da ce, kowane kebul zai yi. Na jona wanda nake da shi, fitilar bayan desktof ɗin ta kama tana ƙiftawa amma ba na ganin komai a ɗaya ɓangaren. To wai shin menene ma bambancin kirosoba da kebul na yau da kullum, kuma shi ne matsalata ko kuwa?

Abu_Hanifa92: Wa alaikumus salam. Kwamfuta da kwamfuta ai kirosoba ne, haka aka koya mana. Iri ɗaya kirosoba, iri daban sitiret. Nemo kirosoba kawai ka huta.

Injiniya_Bala: Malam Sadiq, tunda ka ce fitila ta kama to kebul ɗinka ya gama nasa aikin, kar ka kashe lokacinka wajen neman wani. Da matsalar kirosoba ce da fitilar ba za ta kama ba sam, shiru za ka gani kamar ba ka jona komai ba. Amma bari in yi maka bayanin abin tunda ka tambaya.

Ɗauki kan kebul ɗin ka duba shi da kyau a haske, za ka ga silin waya guda 8 a jere, kowanne da finsa. A cikin kebul ɗin an murɗe su bibbiyu, tagwaye huɗu kenan. A tsohon tsari na megabit 10 da megabit 100, tagwaye biyu kaɗai ake amfani da su. Kwamfuta tana tura saƙo ta fin 1 da 2, tana karɓa ta fin 3 da 6. Ka ɗauka 1 da 2 baki ne, 3 da 6 kunne. Shi kuma suwic an gina raminsa a juye, yana saurare ta 1 da 2, yana magana ta 3 da 6. Shi ya sa in ka jona kwamfuta da suwic da kebul sitiret, wanda fin 1 ya tafi 1, 2 ya tafi 2 har zuwa 8, bakin wannan ya faɗa kunnen wancan, magana ta tafi daidai.

To yanzu ka jona kwamfuta biyu da wannan sitiret ɗin. Baki ya haɗu da baki, kunne ya haɗu da kunne, kowa na magana ba mai ji. Kirosoba shi ne kebul ɗin da aka sauya wa wayoyi a kai ɗaya, 1 ya tafi 3, 2 ya tafi 6, 3 ya dawo 1, 6 ya dawo 2. Iyakar sirrin kenan wallahi, babu wani abu na lantarki a ciki, jerin waya ne kawai.

Abu_Hanifa92: To ai abin da na faɗa kenan Injiniya, kwamfuta biyu kirosoba. Ta yaya kuma nasa ya kama da sitiret?

Injiniya_Bala: Saboda sabuwar laftof ɗin tana da abin da ake kira Auto MDI-X. Katin sadarwarta shi da kansa yake gwadawa, in ya ji shiru a 3 da 6 sai ya juya ya mayar da kunnensa baki bakinsa kunne har sai sun ji juna. Kuma ɓangare ɗaya ya isa, ba sai duka biyun suna da shi ba. Abin da aka koya maka gaskiya ne Abu Hanifa, sai dai na'urorin ne suka wuce wajen.

Maryam_Net: Ƙari a kan bayanin Injiniya, ramin da yake irin na kwamfuta sunansa MDI, wanda yake irin na suwic da hob (tsohuwar na'urar haɗa kwamfutoci kafin suwic) sunansa MDI-X, wannan X ɗin shi ne alamar an riga an juya a ciki. Injiniyoyin kamfanin HP ne suka ƙirƙiro dabarar juyawa da kai a ƙarshen shekarun 1990, kuma da aka fitar da ƙa'idar gigabit a kan wayar tagulla a 1999, wato 802.3ab, kusan duk masu ƙera katin gigabit suka sa ta. In dai ɗaya daga cikin na'urorinka gigabit ce to da wuya ka sake neman kirosoba.

Sadiq_Kwamfuta: Na gode ƙwarai Injiniya, na gode Malama Maryam, yanzu na gane maganar baki da kunne. To in ba kebul ba ne me ya hana su ganin juna?

Dan_Fasaha: Buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ipconfig a kowacce ka faɗa mana lambar da ka gani. Ina kyautata zaton 169.254 wani abu za ka gani

Sadiq_Kwamfuta: Haka ne kuwa, laftof ɗin 169.254 ce ta fara da shi. Desktof ɗin kuma 192.168.0.15, ina jin tun tuni wani ya sa mata da hannu.

Dan_Fasaha: Yawwa, ga inda gizo ke saƙar. Da akwai rauta ita ce take raba wa kowa IP, wato wannan lambar adireshin da ka gani, yanzu babu ita sai laftof ɗin ta jira ta gaji ta ba kanta 169.254, ita kuma desktof tana can a 192.168.0, unguwa daban-daban suke. Sa wa laftof ɗin 192.168.0.16 da hannu, mask 255.255.255.0, getwe ka bar shi fanko, sai ka yi ping ɗin 192.168.0.15, wato ka aika mata saƙon gwaji, mu ga ko za ta amsa.

Tsohon_Hannu: Ni dai ina karanta ku ina tuna baya. Lokacin da muka fara wannan aikin hob ake amfani da shi, mai rami 8, kuma na ƙarshen an rubuta masa Uplink, wasu ma da ɗan maɓalli a gefensa da za ka danna ya shiga ko ya fito. Wannan maɓallin shi ne yake juya ramin daga MDI-X zuwa MDI da hannu, don ka iya haɗa hob da hob da kebul sitiret. Kuma a wasu hob ɗin ramin Uplink da na kusa da shi abu ɗaya ne a ciki, in ka cusa kebul a duka biyun sai ɗaya ya mutu, yara da yawa sun sha wuya a nan suna cewa ramin ya ƙone alhali lafiyarsa ƙalau. A jakata kullum akwai kirosoba guda, na ɗaura masa jan salatif a kai biyun don kar ya cakuɗe da sauran, domin in ya shiga cikin sitiret a wancan zamanin to ka shiga uku, sai ka wuni kana zargin katin kwamfuta. Har yau yana nan a jakar ban cire ba.

Khalifa_CCNA: Baba Tsohon Hannu Allah ya ƙara girma. Ni tambayata ita ce, in dai ya zama tarihi me ya sa har yanzu a Packet Tracer, manhajar Cisco ta koyon haɗa na'urori, in ka haɗa suwic da suwic ko PC da rauta sai ka ɗauko wannan layin mai ɗigo-ɗigo na kirosoba? Kuma PC da rauta ai ba iri ɗaya ba ne, me ya kawo kirosoba nan, wannan ya daɗe yana rikita ni

Maryam_Net: Khalifa matsalar daga wannan haddar ce ta "iri ɗaya, iri daban". Ba kamannin na'ura ake dubawa ba, ramin ake dubawa. Rauta a wajen waya 'yar uwar kwamfuta ce, raminta MDI ne, tana turawa ta 1 da 2 kamar PC. Don haka gida biyu ne kawai: PC, saba, rauta, firinta suna gida ɗaya, suwic da hob suna ɗaya gidan. 'Yan gida ɗaya in za su haɗu kirosoba, daga wannan gida zuwa wancan sitiret. Abin da yake ƙara rikita mutane shi ne rautar gida mai ramuka huɗu a baya, waɗannan ramukan na LAN ai ƙaramin suwic ne aka dasa a cikinta, shi ya sa sitiret yake yi.

Khalifa_CCNA: Kai, Allah ya saka da alheri Anti. Shekara guda ina haddace abin nan ban san dalili ba.

Usman_Kebul: Tunda ana maganar, ga yadda ake haɗa shi ga mai so. Jeri biyu ne a ƙa'ida, T568A da T568B. Ka riƙe kan kebul ɗin, wato RJ45, tagullar na kallonka, maƙalin yana ƙasa, ka ƙirga daga hagu. B shi ne fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. A kuma sai kore da lemo su yi musayar wuri: fari mai ratsin kore, kore, fari mai ratsin lemo, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, lemo, sannan ruwan ƙasan biyu yadda suke. B da B sitiret, A da A ma sitiret, A a kai ɗaya B a ɗaya kan shi ne kirosoba. In kana so ka gane kebul ɗin da ke hannunka, haɗa kawunan biyu gefe da gefe ka duba silin farko na hagu, in launi ɗaya ne sitiret ne, in ɗaya lemo ɗaya kore to kirosoba ne.

Nura_Gsm: ni fa ban taɓa bin wani A ko B ba, duk yadda na jera a wannan kai haka nake jerawa a wancan kuma yana aiki lafiya lau. launi ai wuta ba ta san shi ba

Usman_Kebul: Nura gaskiya ne wuta ba ta san launi ba amma ta san murɗi. Ka lura a jerin nan fari mai ratsin kore yana fin 3 shi kuma kore yana can fin 6, sun tsallake shuɗi biyu a tsakiya, ba don ado aka yi haka ba. 3 da 6 dole su zama tagwaye ɗaya da aka murɗe tare, saboda saƙon yana tafiya ne a kan waya biyu, ɗaya kishiyar ɗaya, kuma murɗin ne yake sa duk hayaniyar da ta shigo daga waje ta faɗa musu daidai wa daida ta soke kanta. In ka jera su bi da bi yadda ka ga dama, 3 ya fito daga wannan tagwaye 6 daga wancan, a kebul ɗan mita 2 zai yi maka aiki ka ce ai ga shi. Ja shi mita 40 ko 50 ka gani. Na taɓa zuwa gyara a wani ofis, an ja musu waya a cikin rufin ofishin duk da irin wannan jerin, tasta mai fitila, wato na'urar gwada kebul, tana nuna 1 zuwa 8 daidai babu kuskure, amma fayil kaɗan sai ya tsaya, haɗin yana ɗaukewa yana dawowa. Kwana biyu ana canza suwic ana zargin kwamfutoci. Da na yanke kai ɗaya na ga jerin, sai muka sake matse kawunan gaba ɗaya a kan B, shikenan magana ta mutu.

Nura_Gsm: toh nawa dai gajeru ne shi ya sa ban taɓa gani ba kenan. zan koma B in sha Allah

Injiniya_Bala: Usman ya kawo tasta, to ga wani abu. In ka sa kirosoba a tasta, ɓangaren da ke turawa zai ƙirga 1 zuwa 8 a jere, ɗaya ɓangaren kuma za ka ga fitilun suna tsalle: 3, 6, 1, 4, 5, 2, 7, 8. Sabon shiga yana ganin haka sai ya ce kebul ya lalace ya yanke kan, alhali daidai yake.

Sadiq_Kwamfuta: Na dawo. Na sa IP ɗin yadda Dan Fasaha ya ce, daga laftof ina ping ɗin desktof yana amsawa, amma daga desktof zuwa laftof Request timed out yake ce min. Anya ba kebul ɗin ba ne yake tafiya hanya ɗaya?

Dan_Fasaha: A'a ba kebul ba ne. Ping ɗin da ya amsa ai ya je ne ya dawo, hanya biyun duk suna aiki kenan. Fayawol ɗin Windows ne a laftof ɗin, ya ɗauki haɗin a matsayin Public sai ya toshe. Mayar da shi Private ka kunna file sharing, ko kuma tunda laftof tana ganin desktof kawai ka yi sharing ɗin folda a desktof ka jawo daga laftof, ba sai ɗaya hanyar ta buɗe ba ma

Hajiya_Tech: Ina so in ɗan ja da masu cewa ya zama tarihi. Satin da ya wuce na gamu da shi ido da ido. Tsofaffin suwic biyu na Cisco, Catalyst 2950, a ɗakin gwaji na ɗalibai, an haɗa su da sitiret fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba, saboda wannan samfurin ba shi da Auto MDI-X. Sai da muka yanke kai ɗaya muka mayar da shi A sannan ta kama. Kuma ba suwic kaɗai ba, akwai injinan masana'anta da tsofaffin na'urori masu ramin megabit 10 ko 100 da an kafa su shekara da shekaru ba wanda zai taɓa su tunda suna aiki. In biyu irin waɗannan suka haɗu, ko ka zo da tsohuwar laftof za ka shiga saitinsu, ba abin da zai fishe ka sai kirosoba.

Maryam_Net: Hajiya kin tuna min, ko a 2960 mai Auto MDI-X ɗin ma akwai tarko. Cisco sun ce don mdix auto ya yi aiki daidai sai speed da duplex suna kan auto. Wani sai ya zo ya kafe ramin a speed 100 duplex full a duka ɓangarorin don yana ganin ya fi tabbas, haɗin da yake aiki da sitiret jiya yau ya mutu, a rasa dalili.

Injiniya_Bala: Wannan gaskiya ne, na yarda da ku. Ni dai abin da nake gudu shi ne a sa mutum irin Malam Sadiq ya tafi neman kebul ɗin da ba ya buƙata, bayan matsalarsa IP ce. Mai kula da tsofaffin kaya ya ajiye guda, ko ma ɗan adafta ɗin nan da ake maƙalawa a kan sitiret ya mayar da shi kirosoba, ya fi sauƙin ɗauka.

Tsohon_Hannu: Adafta ɓata yake Injiniya, ƙanƙane ne. Kebul mai jan salatif ba ya ɓata.

Abu_Hanifa92: To wannan shuɗin kebul ɗin mai faɗi kamar tsumagiya da ake shiga konsol ɗin rauta da shi don yi mata saiti fa, shi ma kirosoba ne ko?

Khalifa_CCNA: A'a wannan rolloba ne, an kifa shi gaba ɗaya, 1 ya tafi 8, 2 ya tafi 7, 3 ya tafi 6 haka har ƙarshe. Kuma ba Ethernet yake ɗauka ba, siriyal ne, kan ne kawai ya yi kama. In ka sa shi tsakanin kwamfuta biyu ba abin da zai faru.

Hajiya_Tech: Kuma duk wanda ya koma faiba, wato wayar da ke ɗaukar saƙo da haske, zai tarar da maganar baki da kunnen nan tana jiransa. Sili biyu ne, ɗaya turawa ɗaya karɓa, kuma babu Auto MDI-X da zai juya maka haske. In ka jona fitila ba ta kama ba, abu na farko ka ɓalle ɗan maƙalin da ya riƙe kawunan LC ɗin biyu ka musanya su a ɓangare ɗaya. Kar dai ka leƙa cikin silin da ido kana neman haske, ba a ganinsa kuma yana iya illata ido.

Nura_Gsm: tambaya, in na ɗauki kirosoba na A da B ɗin nan na sa tsakanin na'urori biyu masu gigabit, zai ba ni gigabit ɗin ko zai faɗo 100?

Maryam_Net: A yawancin katunan yanzu zai ba ka, matuƙar silin 8 ɗin duk suna da rai. Gigabit ba ta da wani fin na turawa daban na karɓa daban, tagwaye huɗun duka take amfani da su kuma kowanne yana kai da kawowa lokaci ɗaya, katin ne yake gano wane tagwaye ya faɗa ina. Akwai ma cikakken kirosoba da ake juya shuɗi da ruwan ƙasa su ma, 4 ya tafi 7, 5 ya tafi 8, amma ni ban taɓa samun inda aka tilasta min yin sa ba. Abin da yake jefa mutum 100 shi ne sili ɗaya a cikin 4, 5, 7, 8 bai matsu ba, ko kuma kebul ɗin nan masu arha da waya huɗu kawai aka sa musu a ciki.

Sadiq_Kwamfuta: Alhamdulillah ya fara kwafa. Na yi sharing a desktof na jawo daga laftof da kebul ɗina na da, ban canza komai ba. Sai dai 11MB a sakan yake tafiya, ya rubuta min saura wajen awa 5. Haka ya kamata ko kirosoba zai fi sauri?

Usman_Kebul: Kirosoba ba ya ƙara gudu ko kaɗan. 11MB ɗin nan shi ne iyakar megabit 100, ka raba da 8 ka cire ɗan abin da hanya ke ci. Ka shiga status na katin ka ga me ya rubuta a Speed. In katin desktof ɗin ɗan 100 ne to haƙuri kawai, bar shi ya kwana yana yi, ka kashe sleep a duka biyun. In kuma duka biyun gigabit ne amma ya tsaya a 100 to a nan ne za mu zargi kebul ɗin, kamar yadda Malama Maryam ta faɗa yanzu.

Dan_Fasaha: ni da ni ne da na ciro hard disk ɗin desktof ɗin na sa a kes na USB, da tuni an wuce wajen

Injiniya_Bala: Tunda ya riga ya fara a bar shi ya gama, katse kwafi a tsakiya shi ne yake kawo rikicin wanne ya shiga wanne bai shiga ba.

Sadiq_Kwamfuta: Na duba, 100 Mbps ya rubuta, kuma sunan katin desktof ɗin akwai Fast Ethernet a ciki. Zan bar shi ya kwana. Malam Usman gobe zan gwada matse kirosoba guda da hannuna don in koya, A a wane kai ake farawa ko duk ɗaya ne?

Usman_Kebul: Duk ɗaya ne, ba shi da gaba ba shi da baya. Ka dai kula kar ka warware murɗin ya wuce kamar santimita ɗaya da ɗan wani abu, kuma rigar kebul ɗin ta shiga cikin kan sosai kafin ka matse. In ka gama turo hoton kawunan biyu gefe da gefe mu duba maka jerin.